Jamus da nauyin tarihinta: tambayoyi da amsoshi kan ƙorafin masu kishin ƙasa

A zaɓen watan Fabrairun 2025 jam'iyyar AfD ta zo ta biyu a Jamus da kashi 20.8 cikin ɗari na ƙuri'u, wato mutum ɗaya cikin kowane biyar da suka fita zaɓe ita ya bai wa. Jam'iyya ce da ta gina kanta a kan ƙyamar baƙi da kuma ƙorafi uku: cewa masu ra'ayin sauyi sun mamaye ƙasar, cewa an ɗora wa Bajamushe laifin kakanninsa har ya kasa ɗaga kai, da cewa ana yi wa 'yancin faɗin albarkacin baki ɗauki ɗai-ɗai. Ga tambayoyin da mai bin labaran Jamus zai iya yi, da amsoshin da nake ganin su ne daidai.

Su waye masu kishin ƙasar nan, kuma su waye 'yan hagun da suke suka?

Kalmomin "hagu" da "dama" a siyasa sun samo asali ne daga majalisar Faransa a lokacin juyin juya halin 1789, inda masu goyon bayan sarki suka zauna a hannun daman shugaban majalisa, masu neman sauyi kuma a hannun hagunsa. Wanda ya san bambancin NEPU ta Malam Aminu Kano da NPC ya riga ya kama bakin zaren: ɗaya tana maganar talakawa da rusa danniya, ɗaya tana maganar riƙe tsarin da aka gada. A Jamus ta yau hagu na nufin jam'iyyar SPD, da jam'iyyar masu kare muhalli, da Die Linke wadda ta gaji wani ɓangare na tsohuwar jam'iyyar gurguzu ta Jamus ta Gabas. Sai dai a bakin 'yan AfD kalmar ta fi haka faɗi. Suna haɗawa da gidajen rediyo da talabijin na gwamnati, da malaman jami'a, da shugabannin coci, har ma da tsohuwar shugabar gwamnati Angela Merkel, wadda 'yar jam'iyyar CDU ce ta masu ra'ayin riƙau.

An kafa AfD a 2013. Da farko batunta shi ne adawa da kuɗin Yuro da kuma ceto tattalin arziƙin Girka da dukiyar Jamusawa. Abin da ya sauya mata alƙibla shi ne shekarar 2015, lokacin da masu neman mafaka kimanin dubu 890 suka shiga ƙasar, da yawansu daga Siriya da Iraƙi da Afganistan. A 2017 ta shiga majalisar dokoki ta Bundestag da kashi 12.6.

Mene ne ainihin ƙorafinsu game da tarihi?

Suna cewa an taƙaita tarihin Jamus gaba ɗaya a shekara goma sha biyu na mulkin Hitler, daga 1933 zuwa 1945, har yaro ya gama makaranta ya san sansanonin kisa amma bai san abin alfaharin ƙasarsa ba. Suna kuma cewa masu ra'ayin sauyi sun mayar da wannan laifi sanda: duk wanda ya ce a rage baƙi, ko ya ɗaga tutar ƙasa, sai a jefe shi da kalmar Nazi, magana ta ƙare.

Mutum biyu ne suka fito da wannan ra'ayi fili. A Janairun 2017, a birnin Dresden, Björn Höcke, jagoran jam'iyyar a jihar Thuringia, ya kira dandalin tunawa da kisan Yahudawa da ke tsakiyar Berlin da abin tunawa na kunya, ya kuma nemi a juya akalar yadda ake tunawa da tarihi gaba ɗaya. A Yunin 2018 Alexander Gauland, wanda ke cikin shugabannin jam'iyyar a lokacin, ya ce Hitler da 'yan Nazi ba su wuce kashin tsuntsu ba a cikin tarihin nasara na fiye da shekara dubu. Wannan kashin tsuntsun kuwa shi ne Yahudawa miliyan shida, da ƙabilun da ake kira Sinti da Roma, da naƙasassu, da miliyoyin mutanen Polan da Tarayyar Sobiyet. Duk wanda zai auna sauran maganganun jam'iyyar, ya kamata ya ajiye wannan furuci kusa da shi.

Ashe ba tun 1945 Jamusawa suka fara wannan nadama ba?

A'a, kuma wannan shi ne abin da mutane da yawa ba su sani ba. Shekaru ashirin na farko bayan Yaƙin Duniya na Biyu shekarun shiru ne. An yi wa shugabannin Nazi shari'a a Nuremberg, amma ƙasashen da suka ci yaƙi ne suka yi ta. A 1952 gwamnatin Konrad Adenauer ta amince ta biya Isra'ila diyyar Mak biliyan 3, amma a cikin gida tsofaffin 'yan Nazi sun koma kujerun alƙalanci da aikin gwamnati da jami'o'i, kuma a gidaje ba a tambayar uba abin da ya yi a lokacin yaƙi.

'Ya'yansu ne suka fasa ƙwan. Shari'ar masu gadin sansanin kisa na Auschwitz da aka yi a Frankfurt daga 1963 zuwa 1965 ta buɗe idon matasa, ɗaliban da suka yi zanga-zanga a 1968 kuma suka tsare iyayensu da tambaya. A Disamban 1970 shugaban gwamnati Willy Brandt ya durƙusa bisa gwiwoyinsa a gaban abin tunawa da Yahudawan Warsaw. Brandt bai taɓa zama ɗan Nazi ba, gudu ma ya yi daga ƙasar a 1933, kuma a lokacin Jamusawa da yawa sun ga durƙuson ya wuce gona da iri. A ranar 8 ga Mayun 1985 shugaban ƙasa Richard von Weizsäcker, ɗan CDU, ya tsaya a majalisa ya ce ranar da Jamus ta sha kaye ranar 'yanci ce. Dandalin da Höcke ke suka sai a 2005 aka buɗe shi, shekara sittin bayan yaƙi.

Saboda haka akwai ƙamshin gaskiya a cewa 'yan hagu ne suka fara tura wannan mota. Amma daga baya masu ra'ayin riƙau sun kama, har abin ya zama na ƙasa baki ɗaya.

To ba su da hujja? Don me jika zai ɗauki laifin kakansa?

A nan ne nake ganin ya kamata a tsaya a natsu, domin tambayar ba ta banza ba ce. Bajamushen da aka haifa a 1995 bai kashe kowa ba. Addininmu ma ya faɗa ƙarara cewa wani rai ba ya ɗaukar nauyin zunubin wani. Idan ana koya wa yaro cewa jininsa gurɓatacce ne, to an zalunce shi, kuma an yi amfani da irin tunanin da aka ce ana yaƙa.

Amma ba haka shugabannin Jamus suka ce ba. A wannan jawabi na 1985, Weizsäcker ya bambanta laifi da alhaki: matasa ba su da laifin abin da ya faru, amma suna da alhakin abin da za a yi da shi. Mu da muka san rabon gado ba ma buƙatar dogon bayani. Ɗa ba ya gadon zunubin ubansa, amma kafin a raba dukiyar mamaci sai an fitar da bashin da ake bin sa. Ba a taɓa jin magajin da ya ce ya karɓi gida da gona da shanu, amma bashin ba ruwansa tunda ba shi ya ci ba. Gauland yana son gadon shekara dubu, da mawaƙa da masana falsafa da masana'antu, ya kuma ce a share bashin. Wannan shi ne abin da ba zai yiwu ba. Manyan kamfanonin Jamus da ake alfahari da su a yau da dama sun yi amfani da mutanen da aka tilasta wa aikin bauta a lokacin yaƙi, kuma sai a shekarar 2000 aka kafa asusun biyan waɗanda suka rage da rai.

Inda nake ba masu ƙorafin gaskiya shi ne wajen amfani da kalmar Nazi a matsayin ƙulli a baki. Ma'aikacin da ya ce haya ta yi tsada a unguwarsu, makarantar 'ya'yansa ta cika, yana kuma tsoro bayan harin kasuwar Kirsimeti ta Berlin a 2016 ko harin wuƙa na Solingen a 2024, ba ɗan Nazi ba ne don ya faɗi haka. Shekarun da aka kwashe ana yi wa irinsa kallon raini su ne suka miƙa shi hannun AfD.

Wannan tarihin ya shafi Afirka, ko rigimar Turawa ce tsakaninsu?

Ya shafe mu kai tsaye. A Berlin aka yi taron 1884 zuwa 1885 da ya shimfiɗa ƙa'idojin wawushe Afirka. Jamus ta mallaki Kamaru da Togo da Namibiya da Tanganyika tare da Ruwanda da Burundi. Sojojinta ne suka yaƙi Lamiɗo Zubairu na Adamawa a Garwa a 1901 da Marwa a 1902, bayan Ingilishi sun kore shi daga Yola. A Agustan 1914 sun rataye sarkin Duwala, Rudolf Duala Manga Bell, saboda ya ƙi yarda a ƙwace filayen mutanensa.

Mafi muni shi ne Namibiya. A Oktoban 1904 Janar Lothar von Trotha ya ba da umarni a rubuce cewa a harbe duk Baherero da aka samu a cikin iyakar mallakar Jamus. An kora su cikin hamada, aka tare rijiyoyi, waɗanda suka tsira aka zuba su a sansanoni. Daga 1904 zuwa 1908 an kiyasta cewa Herero kimanin dubu 65 da Nama kimanin dubu 10 suka hallaka. Sai a Mayun 2021 gwamnatin Jamus ta kira wannan abu kisan ƙare dangi, ta yi alƙawarin Yuro biliyan 1.1 a tsawon shekara talatin, ta kuma kauce wa kalmar diyya, ta ce taimakon raya ƙasa ne. Shugabannin Herero da Nama da dama sun yi watsi da yarjejeniyar domin an ƙulla ta ba tare da su ba.

Ga abin da ke ci mini rai. Masu kishin ƙasa na kukan cewa an gaji da neman gafara, alhali a kan Afirka neman gafarar ko tsayuwa bai yi da ƙafafunsa ba. A Disamban 2022 ne ministar harkokin waje Annalena Baerbock ta kawo kashin farko na kayan tarihin Benin zuwa Abuja, kayan da sojojin Birtaniya suka sace a 1897 aka sayar wa gidajen tarihin Jamus. A wannan watan ne aka sauya sunan wani dandali a Berlin zuwa sunan Manga Bell. A Nuwamban 2023 shugaba Frank-Walter Steinmeier ya nemi gafara a Songea ta Tanzaniya kan murƙushe tawayen Maji Maji. Duk jiya-jiya ne. A 2019 kuwa 'yan majalisar AfD sun gayyaci wani malamin jami'a Ba'amurke ya zo ya yi jawabin wanke mulkin mallakar Jamus. Idan aka juya akalar tarihi kamar yadda Höcke ke so, matattunmu ne za a fara mantawa da su, domin su ne na ƙarshen shiga littafin.

Kuma tunda na kawo maganar gado, ba zan tsallake namu ba. Laifi tudu ne. A ƙasarmu an yi cinikin bayi da rinji, kuma har yau akwai gidajen da ake hana aure saboda asalin da aka gada. Ma'aunin da muke auna Bajamushe da shi bai kamata ya ƙanƙance ba in an zo kanmu.

Da gaske ne ana ƙuntata 'yancin magana a Jamus?

Da gaske ne, kuma ba daidai ba ne a musa don kawai AfD ce ke faɗa. Tun asali Jamus ba ta bi tsarin Amurka na barin kowa ya faɗi kusan duk abin da yake so ba. Sashe na 130 na dokar hukunta laifuka ya haramta tunzura jama'a a kan wata ƙabila ko addini, tun 1994 kuma musanta kisan kiyashin Yahudawa laifi ne da ake ɗauri a kai. An haramta tambarin Nazi da gaisuwarsu da takensu. A 2024 kotu ta ci Höcke tarar Yuro dubu 13 saboda ya furta taken dakarun Nazi a wani gangami. Waɗannan dokoki suna da tushe da kowa ya sani.

Abin da ya biyo baya ne ke ba da tsoro. A 2017 aka yi dokar da ta tilasta wa Facebook da YouTube da Twitter goge duk rubutun da ya saɓa wa doka a fili cikin awa 24, in ba haka ba tara har Yuro miliyan 50. Kamfanin da ke tsoron irin wannan tara ba zai zauna yana tantance gaskiya ba, gogewa zai yi. Wato an ɗauki aikin alƙali an miƙa wa ɗan kasuwa. A 2021 aka faɗaɗa sashe na 188 ta yadda zagin ɗan siyasa ya fi zagin talaka tsananin hukunci, har ɗaurin shekara uku. A Nuwamban 2024 'yan sanda suka binciki gidan wani dattijo mai karɓar fansho a Bavariya bayan ya yaɗa wani hoto da ke kiran ministan tattalin arziƙi Robert Habeck dolo. A Yulin 2024 ministar cikin gida Nancy Faeser ta haramta mujallar Compact ta masu tsattsauran ra'ayi, 'yan sanda suka kwashe kayan ofishinta. Kotun tarayya ta dakatar da haramcin bayan wata ɗaya, a Yunin 2025 kuma ta soke shi gaba ɗaya.

Ni ba na ganin alheri a mujallar nan ko kaɗan. Amma ministar da za ta iya rufe jarida da sa hannu ɗaya tana riƙe da makamin da bai kamata kowa ya riƙe ba. Mu da muka ga an rufe Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 mun san yadda gwamnati ke samun dalili duk lokacin da ta so.

'Yan hagu ne suka yi waɗannan dokoki?

Wasu, ba duka ba. Dokar 2017 ministan shari'a Heiko Maas na SPD ne ya kawo ta, amma a gwamnatin Merkel, da ƙuri'un CDU. Faɗaɗa sashe na 188 ma a zamaninta aka yi. Kuma in aka koma baya, waɗanda suka fara ɗanɗana irin wannan sanda 'yan hagu ne: an haramta jam'iyyar kwaminis a 1956, a 1972 kuma aka fito da umarnin tantance ma'aikatan gwamnati wanda ya hana malaman makaranta da ma'aikatan gidan waya masu ra'ayin gurguzu aiki. Brandt da kansa ya sa hannu a kai, daga baya ya ce kuskure ne.

Me gwamnati ke cewa ya sa dole ta yi haka?

Tana nuna gawarwaki, kuma gawarwakin na gaske ne. Daga 2000 zuwa 2007 wata ƙungiyar 'yan Nazi ta ɓoye mai suna NSU ta kashe mutum goma, takwas daga cikinsu 'yan asalin Turkiyya, 'yan sanda kuma suka shafe shekaru suna zargin iyalan mamatan. A Yunin 2019 wani ɗan Nazi ya harbe Walter Lübcke, ɗan CDU mai shugabantar yankin Kassel, a farfajiyar gidansa, bayan shekaru ana yi masa barazana a intanet saboda ya kare 'yan gudun hijira. A Oktoban wannan shekara aka kai hari wurin ibadar Yahudawa a Halle. A Fabrairun 2020 wani ya bindige mutum tara 'yan asalin ƙasashen waje a Hanau.

Bayan haka akwai darasin 1933. Hitler ba juyin mulkin soja ya yi ba, ta ƙofar doka ya shiga, sannan ya rufe ta. Shi ya sa kundin tsarin mulkin 1949 ya ba ƙasa ikon kare kanta daga masu son rusa dimokuraɗiyya ta hanyar dimokuraɗiyya. Na fahimci wannan tsoro. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a haɗa wanda ke barazanar kisa da wanda ya kira minista dolo a kwando ɗaya.

Kenan AfD ce mai kare 'yanci?

A duba takardunta. A kundin manufofinta na 2016 ta rubuta cewa Musulunci ba ɓangaren Jamus ba ne, ta nemi a hana gina hasumiyar masallaci da kiran salla da sanya niƙabi. Kundin tsarin mulkin da ya ba ta 'yancin magana a sashe na 5 shi ne ya ba Musulmi fiye da miliyan biyar 'yancin addini a sashe na 4. Tana kuka da taɓa na biyar, tana neman a yanke na huɗu. A 2018 rassanta a wasu jihohi sun buɗe shafukan intanet inda ɗalibai za su kai ƙarar malaman da suka soki jam'iyyar a aji. A Janairun 2024 kafar bincike ta Correctiv ta fallasa wani taro da aka yi a Potsdam, inda wasu 'yan jam'iyyar suka saurari shirin mayar da baƙi inda suka fito, har da masu takardar zama 'yan ƙasa da aka ce ba su saje ba. Dubban ɗaruruwan Jamusawa suka fito tituna suna adawa.

Akwai kuma abin da 'yan'uwansu suka yi da suka samu mulki. A Hangari, gwamnatin Viktor Orbán ta tattara yawancin kafafen yaɗa labarai a hannun magoya bayanta, ta kuma matsa wa wata babbar jami'a har ta tattara ta koma Vienna. A Polan, a 2018, gwamnatin masu kishin ƙasa ta yi dokar ɗaure duk wanda ya ɗora wa al'ummar Polan hannu a laifukan Nazi, sai da duniya ta yi ca sannan ta cire hukuncin ɗaurin. Su ma doka suke sa wa tarihi, bambancin kawai shi ne wane baki za a rufe.

Ina matsayin masu goyon bayan Falasɗinu a wannan muhawara?

Su ne shaidar da ta fi kowacce ƙarfi cewa ƙuntatawar ta gaske ce, su ne kuma waɗanda masu kukan 'yanci suka ƙi karewa. A 2008 Merkel ta faɗa wa majalisar Isra'ila cewa tsaron Isra'ila na cikin ginshiƙan wanzuwar ƙasar Jamus. Bayan harin da Hamas ta kai wa Isra'ila a ranar 7 ga Oktoban 2023 wannan furuci ya sauko kan titi. An hana zanga-zangar Falasɗinawa da dama a Berlin a makonnin farko. A Afrilun 2024 'yan sanda suka kashe wuta suka watsa wani taron Falasɗinu a birnin jim kaɗan bayan an buɗe shi. An soke gayyata da lambobin yabo na marubuta da masu fasaha, wasunsu ma Yahudawa ne masu sukar gwamnatin Isra'ila. Jihar Saxony-Anhalt ta wajabta wa mai neman zama ɗan ƙasa ya rubuta cewa ya amince da haƙƙin wanzuwar Isra'ila.

Ƙin jinin Yahudawa abu ne na gaske a Jamus, kuma kare Bayahuden da ke zaune a Berlin wajibi ne a kan hukuma. Amma darasin Auschwitz da zai hana mutum yin kukan yaran Gaza darasi ne da aka karanta rabi. A Janairun 2024, da Jamus ta ce za ta tsaya wa Isra'ila a kotun duniya a ƙarar da Afirka ta Kudu ta shigar, shugaban Namibiya Hage Geingob ya fito ya tuna mata 1904. Shugabannin AfD kuwa, kiran da suka yi shi ne a ƙara tsanantawa, a kori baƙin da ke cikin masu zanga-zangar. Mataimakin shugaban Amurka JD Vance, wanda ya je Munich a Fabrairun 2025 ya caccaki Turai kan toshe bakin jama'a, gwamnatinsa ce ta shiga soke bizar ɗalibai masu zanga-zangar Gaza a makonnin da suka biyo.

Me ya sa jam'iyyar ta fi ƙarfi a gabashin ƙasar?

A Satumban 2024 ta zo ta ɗaya a jihar Thuringia da kusan kashi 33, a 2025 kuma ta zo ta ɗaya a duka jihohi biyar na tsohuwar Jamus ta Gabas. Gwamnatin gurguzu ta can ta koya wa mutanenta cewa 'yan Nazi duk suna Yamma, don haka ba a yi musu irin tankaɗe da rairayar da aka yi a Yamma ba. Bayan haɗewar 1990 masana'antu suka rufe, matasa suka yi ƙaura, manyan muƙamai suka faɗa hannun 'yan Yamma. Mutumin da ya rayu a ƙarƙashin 'yan leƙen asirin Stasi kuma, in ya ji an ce akwai maganar da ba a faɗa, jikinsa na ba shi cewa ya taɓa ganin wannan.

Jamus ce kaɗai ke wannan rigima?

A'a. A Faransa majalisa ta yi doka a Fabrairun 2005 da ke umartar makarantu su koyar da alherin mulkin mallaka, sai da aka yi hayaniya aka soke sashen a 2006. Ƙasar da ayarin sojojinta ƙarƙashin Voulet da Chanoine suka ƙone Birnin Ƙonni a 1899 ke nan. A Birtaniya masu zanga-zanga sun jefa mutum-mutumin dillalin bayi Edward Colston cikin ruwa a Bristol a Yunin 2020, aka yi ta cacar baki, amma dokokin da suka ƙuntata zanga-zanga a 2022 da 2023 gwamnatin masu ra'ayin riƙau ce ta yi su.

Za a haramta AfD?

Kotun tsarin mulki da ke Karlsruhe ce kaɗai ke da ikon haramta jam'iyya, kuma sau biyu kacal ta yi: a 1952 ga wata jam'iyyar magadan Nazi, da 1956 ga 'yan kwaminis. An yi yunƙurin haramta jam'iyyar NPD ta masu ra'ayin Nazi sau biyu, a 2003 da 2017, duka bai yiwu ba. A karo na farko shari'ar ta rushe domin an gano cewa hukumar leƙen asiri na da 'yan rahoto a cikin shugabannin jam'iyyar. A na biyu kotu ta ce manufofinta sun saɓa wa tsarin mulki, amma ta yi ƙanƙantar da ba za ta iya cim ma su ba.

Wannan hujja ba za ta yi aiki a kan AfD ba, domin mutum fiye da miliyan goma suka zaɓe ta. A Mayun 2025 hukumar leƙen asiri ta cikin gida ta ayyana ta a matsayin ƙungiyar da aka tabbatar da tsattsauran ra'ayinta. Jam'iyyar ta garzaya kotu a Kolon, hukumar kuma ta dakatar da amfani da laƙabin a lokacin. SPD ta goyi bayan a fara shirin neman haramci, shugaban gwamnati Friedrich Merz kuma ya nuna shakku.

A nawa ganin haramcin zai zama kuskure. Zai tabbatar wa mutum miliyan goma abin da aka daɗe ana raɗa musu, cewa ƙuri'arsu ba ta da daraja sai in ta faɗa inda ake so, kuma hayar gida ba za ta sauka ba, masana'antun gabas ba za su buɗe ba. Wanda ya yi barazanar kisa ko ya tunzura a kai hari, a kai shi kotu da sunansa da laifinsa. A soke ƙarin kariyar da sashe na 188 ya ba 'yan siyasa. A bar ɗan AfD ya yi gangaminsa a Dresden, a bar Bafalasɗine ya yi nasa a Berlin, a kuma koma teburi da Herero da Nama, su da kansu, a kira kuɗin da sunansa na diyya.